Fita Da Jariri A Ƙasashen Dusar Ƙanƙara: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Yanzu ba abin mamaki ba ne a ji an ce ɗan unguwarmu yana karatu a Turkiyya ko Rasha ko arewacin Sin, ko ƙanwar wance tana aure a Jamus, Kanada ko Amurka. Da yawa daga cikinsu a can ake yi musu haihuwar fari, babu kaka a kusa, babu gwaggo, babu ungozomar unguwa. Idan haihuwar ta faɗo tsakanin Disamba da Maris, tambayar da ke fara damunsu ita ce yadda za a fita da ɗanyen jariri alhali dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina.

A gida mai jego kan yi kwana arba'in ba ta cika fita ba. A can kuwa fitar farko tana zuwa ne kwana ɗaya zuwa uku bayan haihuwa, ranar da aka sallame su daga asibiti. Bayan 'yan kwanaki kuma a koma wurin likita don a auna nauyin yaron a duba ko yana da shawara, sannan ga rigakafi. Tunda fitar ta zama dole, sai a san yadda ake yin ta.

Sanyin can da hunturunmu

Ɗarin da muka sani a Agadas, Damagaram ko Ngaundere na dare ne da asuba, kuma da hantsi ya yi rana ta kore shi. A Mosko matsakaicin yanayin watan Janairu yana wajen digiri 6 zuwa 7 ƙasa da sifiri, wato -6 zuwa -7 a ma'aunin Salshiyos. A Montreal ta Kanada da Erzurum ta gabashin Turkiyya yana kusan -10, a Harbin ta Sin kuwa ya zarce -15. Haka ake wuni, haka ake kwana, makonni a jere.

Amma a cikin gidaje da motoci da shaguna da asibitoci akwai na'urar ɗumama wuri, zafin ciki ya kan kai digiri 20 zuwa 22. Ke nan tsakanin cikin ɗaki da bakin titi ana iya samun bambancin digiri 30, ƙofa ɗaya ce kawai tsakani. Saboda haka haɗari biyu ne ke jiran jariri: sanyi ya kama shi a waje, ko kuma tarin kayan da aka jibga masa su turnuƙe shi da zafi idan an shiga ciki. Mu da muka taso da tsoron sanyi mun fi lura da na farko, mu manta da na biyu. Dokar da za a riƙe ita ce: duk ƙofar da aka ratsa, a sake duba yaron, a ƙara ko a rage.

Me ya sa jariri ya fi babba saurin ɗaukar sanyi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Daga 36.4 zuwa 36 jikin ya fara wahala da sanyi. Ƙasa da 36 matsala ce da ke buƙatar likita, ƙasa da 32 kuwa rai na cikin haɗari. Tazarar da ke tsakanin lafiya da matsala ba ta wuce rabin digiri zuwa ɗaya ba.

Dalilai huɗu ne suke sa jariri saurin faɗawa cikin wannan hali. Na farko, faɗin fatarsa idan aka gwada da nauyinsa ya ninka na babba wajen sau uku, kuma ta fata ɗumi ke fita. Kansa kaɗai kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, shi ya sa buɗaɗɗen kai ke zubar da ɗumi da yawa. Na biyu, kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa kaɗan ne. Na uku, ba ya iya rawar ɗari irin wadda babba ke yi ya ɗumama. Abin da yake dogaro da shi wani kitse ne na musamman, mai launin ƙasa-ƙasa, da ke tsakanin kafaɗu da wuya da kewayen ƙoda. Jiki yana ƙona wannan kitse ya samar da ɗumi, amma ƙona shi yana cin sukarin jini da iskar oksijin. Jaririn da ya daɗe cikin sanyi sai sukarinsa ya sauka, numfashinsa ya yi sauri, ya kasa kama nono, rashin shan nonon kuma ya ƙara masa sanyin. Na huɗu, ba ya tafiya, ba ya magana. Uwa tana tura keke tana zufa, shi kuwa yana kwance bai motsa ba. Ɗumin da take ji ba shi yake ji ba.

Bakwaini, wato wanda aka haifa kafin mako 37, da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, sun fi kowa rauni a nan, domin wancan kitsen bai gama taruwa a jikinsu ba.

Ɗumi kuma ta hanya huɗu yake barin jiki: ta iska mai kaɗawa, ta taɓa abu mai sanyi kamar kujerar motar da ta kwana a waje, ta danshi kamar jiƙaƙƙen kunzugu ko tumbuɗi a wuyan riga, da kuma ta kusantar abu mai sanyi ko da ba a taɓa shi ba, kamar gilashin taga. Duk shirin fita ƙoƙari ne na toshe waɗannan hanyoyi huɗu.

Kafin a buɗe ƙofa

Abu na farko shi ne duba hasashen yanayi a waya. Lamba biyu ake nunawa: ainihin sanyin, da kuma yadda jiki zai ji shi idan an haɗa da ƙarfin iska. Ta biyun ce abar lura. Ana iya cewa -8, amma saboda iska fata ta ji kamar -16. Ƙungiyar likitocin yara ta Kanada tana ba da shawarar kada a bar yara su fita wasa idan wannan lamba ta kai -27, domin a nan buɗaɗɗiyar fata na iya daskarewa cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Wannan iyaka ta yaran da ke gudu da ƙafarsu ce. Ga jaririn kwanaki, abin da ya fi aminci shi ne idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri a taƙaita zama a waje zuwa 'yan mintoci, idan kuma ya kai wajen -10 ko ana iska mai ƙarfi, fitar ta tsaya daga ƙofa zuwa mota, daga mota zuwa ƙofa.

Mazauna Amurka su lura cewa ma'aunin Farenhait ake amfani da shi a can. Digiri 32 nasu shi ne sifiri, inda ruwa ke daskarewa, 14 nasu shi ne -10. Wanda ya ga 30 a allo ya ɗauka irin 30 ɗin Yamai ne zai sha mamaki.

Idan an yi gargaɗin guguwar ƙanƙara, a kira asibiti a nemi ɗaga ranar, ba za su ga laifi ba. A wasu ƙasashe kamar Ingila, Jamus da Faransa ungozoma kan zo gida ta duba uwa da jariri a kwanakin farko, don haka tun kafin sallama a tambayi ko akwai wannan tsari, matambayi ba ya ɓata. Bakwaini da jaririn da ba shi da lafiya kuwa, ba a fita da su sai don ganin likita.

A zaɓi tsakar rana, lokacin da sanyi ya ɗan sassauta, domin a Disamba duhu kan shiga tun wajen ƙarfe huɗu ko biyar na yamma a yawancin waɗannan garuruwa. A shayar da yaron ya ƙoshi, a canza masa kunzugu ya fita a bushe. Kada a yi masa wanka dab da fita. A jaka a sa kayan canji cikakku, ƙarin hula da ƙarin bargo.

Yadda ake sa masa kaya

Ƙa'idar da likitocin yara na Amurka suke koyarwa mai sauƙin riƙewa ce: a sa wa jariri abin da babba zai sa ya ji daɗi a wannan yanayin, sannan a ƙara masa hawa ɗaya. Kaya marasa kauri hawa-hawa sun fi riga ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke maƙale tsakanin hawa da hawa ita ke riƙe ɗumi, kuma ana iya cire ɗaya a bar sauran.

Hawan farko, mai taɓa fata, riga ce mai laushi mai dogon hannu da ke manne da jiki, da safa. Hawa na biyu rigar da ta haɗe da wando har tafin ƙafa, ta ulu ko wani yadi mai riƙe ɗumi. Hawa na uku shi ne na waje, mai tare iska da danshi: rigar ƙanƙara mai zif wadda ke rufe jiki duka, ko buhun kwanciya da ake sakawa a cikin keken jarirai. Sai hular da ta rufe kunnuwa, da safar hannu, da ƙarin safa mai kauri wadda ba ta matse ba. Abin da ya matse yana hana jini zagayawa, yatsun da jini bai isa ba kuma su ne ke fara daskarewa.

Auduga tana da daɗi a fata, amma idan ta jiƙe tana riƙe ruwa ta koma sanyi. Zanen atamfa ko majanyi, komai yawan ninkinsu, ba sa tare iskar ƙanƙara. Duk abin da ya jiƙe a cire shi nan take.

Abu biyu ba a yi: ba a naɗa wa jariri mayafin wuya, kuma ba a rufe masa fuska. Hancinsa da bakinsa su kasance a buɗe a kowane lokaci. Man kaɗanya ko basilin yana maganin bushewar kumatu, amma ba ya hana fata daskarewa, don haka ba zai maye gurbin sutura ba.

Idan a mota ne

A waɗannan ƙasashe doka ta wajabta sa jariri a kujerarsa ta musamman. Ana ɗaure ta a kujerar baya, fuskar yaron na kallon bayan mota. A nan ne ake yawan yin wani kuskure mai haɗari, wato a ɗaure yaro da igiyoyin kujerar yana sanye da rigar ƙanƙara mai kumburi. A ido za a ga kamar igiyar ta kama, amma idan aka yi karo ko aka taka birki da ƙarfi, rigar sai ta lotse, igiyar ta yi sako-sako, yaron ya iya sulluɓewa ya fita. Abin yi shi ne a sa shi da kaya marasa kauri, da hula da safa, a ja igiyoyin su kama jiki, sannan a lulluɓa bargo a kansu daga ƙirji zuwa ƙasa. Gwajin kuwa a yi ƙoƙarin tsunkular igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu: idan ta tsunkulu, ba ta ɗauru ba.

Kujerar ta kwana a cikin gida, kada a bar ta a mota ta yi sanyi. A ɗumama motar kafin a fito da shi, amma ba a cikin rufaffen gareji ba. Kafin a tayar da inji a zagaya baya a tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba. Idan ta toshe, hayaƙin yana komawa cikin mota, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci sannan ta kashe. A watan Janairun 2016, bayan wata gagarumar saukar dusar ƙanƙara, wata uwa da 'ya'yanta biyu ƙanana sun rasa rayukansu ta wannan hanya a garin Passaic na jihar New Jersey. Suna zaune cikin mota injin na aiki don su ji ɗumi, mahaifin yaran yana waje yana share ƙanƙarar da ta binne motar.

Da motar ta ɗumama a janye bargon a cire hular. A doguwar tafiya a riƙa tsayawa ana fito da shi, kada ya wuce awa biyu a kujerar, ɗanyen jariri ma ƙasa da haka, domin zaman kan sa kansa ya rinjaya gaba ya matse hanyar numfashi. Idan da hali babba ɗaya ya zauna kusa da shi. Kuma kada a bar shi shi kaɗai a mota ko na minti ɗaya.

Idan a keken jarirai ne

Jariri sabon haihuwa yana buƙatar keke mai shimfiɗaɗɗen gado, ya kwanta rigingine. Sanyi ta ƙasa yake fara shiga, don haka shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa tana da muhimmanci kamar abin rufarsa. A ɗaga rumfar keken, a juya shi ya ba iska baya. Akwai murfin leda mai ƙofofin iska da ake sayarwa don ruwa da dusar ƙanƙara, ana iya amfani da shi a waje, amma a cire da zarar an shiga gini. Kada a yafa bargo a rufe bakin keken ruf, domin yana hana iska shiga kuma yana hana uwa ganin fuskar ɗanta. Haka kuma kada a sa masa gorar ruwan zafi a jiki, fatar jariri ba ta da kauri, tana ƙonewa da abin da babba zai ce ɗumi ne kawai.

Ranar da rana ta fito, farar ƙanƙara tana mayar da haskenta har zuwa kashi 80 cikin 100 na sinadarin da ke ƙona fata da ido. A bar shi cikin inuwar rumfa.

Idan goyo ne

Goyo gadonmu ne, kuma ɗumin jikin uwa ya fi kowane bargo. Sai dai goyon baya da zane yana da illa uku a ƙasar ƙanƙara. Uwa ba ta ganin fuskarsa. Ƙafafunsa suna reto a waje ba sa motsi, su ne za su fara sanƙarewa. Sannan ƙasa tana da santsi, musamman siririyar ƙanƙarar nan da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganin ta, kuma wanda santsi ya kwashe sau da yawa ta baya yake faɗuwa, inda yaron yake.

Abin da ya fi shi ne goyon gaba, a ƙirji, a cikin babbar rigar sanyin uwa ko uba. A ɗaure shi ya kama sosai, kansa ya zo daidai inda za a iya sunkuyawa a sumbace shi, fuskarsa a buɗe ana ganin ta, haɓarsa ba ta danne a ƙirjinsa ba. Kada a ja zif ɗin rigar ya haye kansa. Tunda jikin babba da rigarsa sun zama hawa biyu, ba sai an sa masa rigar ƙanƙara a ciki ba, hula da safa mai kauri da kayan ɗumi sun isa. Mai goyon ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya yi gajerun taku, hannuwansa a sake ba a aljihu ba. Doguwar abaya ko zanen da ke jan ƙasa a ɗage su, suna jiƙewa kuma suna harɗe ƙafa a matakala.

Da an shiga wuri mai ɗumi

Da zarar an shiga bas, jirgin ƙasa, shago ko asibiti, a zuge zif, a cire hula, a janye bargo, ko da yaron yana barci. Gara ya farka ya yi kuka da ya ci gaba da barci cikin zafi. Bincike ya tabbatar da cewa yawan zafi da rufe kai suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, wadda ta fi aukuwa a watanni shida na farko.

Yadda ake ganewa shi ne a zura hannu a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. Idan da ɗumi kuma a bushe, lafiya lau. Idan da zufa ko zafi, a rage kaya. Idan da sanyi, a ƙara a kuma rungume shi. Tafin hannu da na ƙafa ba ma'auni ba ne, domin na jarirai sun saba yin ɗan sanyi ko da jikin na da ɗumi. Iyaye da yawa hannun suke taɓawa su tsorata su ƙara bargo.

A gida ma haka ne. Ƙungiyar Lullaby Trust ta Ingila, mai aikin hana irin wannan mutuwa, tana ba da shawarar ɗakin barcin jariri ya kasance tsakanin digiri 16 da 20, ya kwanta rigingine a shimfiɗa mai tauri, babu matashi, babu hula. Ga bakwaini likita na iya cewa a ƙara ɗumin, sai a bi maganarsa. Kaskon gawayi kuwa kada ya shiga ɗaki ko kaɗan, ko don ɗumi ko don turare mai yawa. Gidajen can a toshe suke ruf, iskar da ta kashe mutanen cikin motar nan ita gawayi ke fitarwa. Hita mai aiki da lantarki a nisanta ta da gado da labule, a kashe ta kafin barci. Gobarar da ta tashi a wani dogon bene a unguwar Bronx ta New York ranar 9 ga Janairun 2022, wadda ta ci rayuka 17 har da yara 8, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, daga irin wannan hita ta faro.

Alamomin da ba a jira da su

Jaririn da sanyi ya shige shi ba lallai ya yi kuka ba. Sau da yawa shiru yake yi, iyaye su ɗauka barci ne mai daɗi. Alamomin su ne ƙirji da ciki su yi sanyi, jiki ya saki, kuka ya yi rauni, ya ƙi kama nono, ya yi wuyar tashi, numfashi ya ragu. Littattafan can suna cewa fata ta kan yi ja ko shuɗi, amma a baƙar fata wannan ba ya fitowa sosai. A duba leɓe, harshe, dasashi da tafin hannu: idan sun koɗe ko sun yi toka-toka, alama ce.

Idan aka ga haka a shiga wuri mai ɗumi, a cire duk abin da ya jiƙe, a kwantar da shi a ƙirjin uwa ko uba fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Idan zai iya tsotsa a ba shi nono. Kada a ba shi ruwan ɗumi, shayi ko zuma. Kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a kanga shi a jikin hita. A auna zafinsa a hammata. Idan bai kai 36 ba, ko bai dawo 36.5 ba bayan an ɗumama shi, ko jikin ya saki, a kira motar asibiti: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya da Rasha, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Ingila, 120 a Sin.

Daskarewar fata kan kama kumatu, hanci, kunnuwa da yatsu. Wurin sai ya koɗe, ya yi tauri, ya yi sanyi ƙalau. Kada a murza shi, kada a goga masa ƙanƙara, kada a gasa shi da tsumma mai zafi yadda muke gashi a gida. A ɗumama shi da ɗumin jiki a tafi asibiti.

Zazzaɓi ma haka: digiri 38, wato 100.4 a Farenhait, ga jaririn da bai kai wata uku ba, maganar asibiti ce a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ranar suna da 'yan barka

Al'adarmu a nan ta sauƙaƙa abin, domin maza ne ke taruwa a raɗa suna, jariri yana ɗaki wurin uwarsa. A can ma a bar shi haka, ba sai an ratsa ƙanƙara da ɗan kwana bakwai zuwa zauren taro ba. Idan za a yi aski a yi shi a ɗaki mai ɗumi, a tsane kan sosai, kuma a tuna cewa askakken kai ya fi saurin zubar da ɗumi, don haka a makonnin da ke biye kada ya fita ba hula.

Lokacin sanyi kuma shi ne lokacin mura da wata ƙwayar cuta da ake kira RSV, wadda ke toshe ƙananan hanyoyin numfashin jarirai har ta kai su gadon asibiti. Cunkoso a rufaffen ɗaki shi ke yaɗa su. Mai tari ko mura ya yi barka ta waya, wanda ya zo ya wanke hannu kafin ya karɓi yaro, kuma a bar sumbatar fuskarsa. A tambayi likita rigakafin da ake bayarwa a ƙasar. A tambaye shi kuma ɗigon bitamin D, domin ranar hunturun can ba ta isar fata ta samar da shi, balle baƙar fata, kuma a ƙasashe da yawa ana ba jariri mai shan nono wajen ma'auni 400 kullum don kare ƙashinsa.

Abin koyi da abin bari

Wanda ya je Finland, Sweden ko Denmark zai ga jarirai suna barcin rana a kekunansu a waje cikin sanyi. A Finland tun 1938 gwamnati ke raba wa masu jego akwatin kayan jariri, daga 1949 aka mayar da shi na kowa, kuma a ciki akwai rigar ƙanƙara da buhun kwanciya. Wannan ya nuna cewa iskar sanyi ita kaɗai ba ta cutar da lafiyayyen jaririn da aka shirya da kyau, ba kuma sai uwa ta kulle kanta a ɗaki wata huɗu ba. 'Yar gajeriyar fita a ranar da yanayi ya yi sauƙi tana da amfani gare ta, musamman mai jegon da ke zaune cikin kaɗaici nesa da dangi. Amma su sun gaji abin ne kaka da kakanni, suna da kayansa, kuma ba sa farawa a kwanakin farko. Baƙo kada ya kwaikwayi barin yaro a waje. A wasu wuraren ma laifi ne: a 1997 'yan sandan New York sun kama wata 'yar Denmark da ta bar 'yarta a keke a ƙofar gidan abinci kamar yadda ake yi a ƙasarsu.

Ga 'yan'uwa da suka daɗe a waɗannan ƙasashe, sabon zuwa yana buƙatarku a nan. Wanda ke da mota ya kai su asibiti ranar awo, kada su tsaya jiran bas da ɗanyen goyo. Wadda 'ya'yanta suka girma ta miƙa rigar ƙanƙara da buhun keke, ta kuma zauna ta nuna wa ƙanwarta yadda ake ɗaure kujerar mota. Iyaye da ke gida kuma, idan kuna waya da 'yarku kuna cewa ta rufe yaro da kyau, ku ƙara da cewa ta buɗe masa fuska, ta kuma cire hular idan sun shiga ciki.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu jego lafiya, Ya tsare na nesa da na kusa.